Littafin aikin ma'aunin zafafan ilektiron, daga Agege zuwa ɗakin gwaji

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Yau Malam ya amince da batun aikina, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Cikin wata biyu zuwa uku ina so in ƙera ƙaramin ma'auni mai maganaɗisu wanda zai ware ilektiron gwargwadon kuzarinsu, irin wanda ake sawa a gwaje-gwajen haɗe ƙwayoyin nukiliya da hasken leza. Leza mai irin wannan ƙarfi babu ita a Legas, babu ita a ƙasar nan baki ɗaya. Amma ka'idar ma'aunin ba ruwanta da inda ilektiron ya fito. In dai yana gudu, maganaɗisu zai lanƙwasa masa hanya, kuma girman lanƙwasar shi zai faɗi ƙarfinsa.

Bari in rubuta dalilina tun yanzu, don in riƙa dawowa gare shi ranar da gajiya ta zo. A ranar 5 ga Disamba, 2022, a cibiyar binciken leza ta NIF da ke Libamo a jihar Kalifoniya, an harba hasken leza ta baki 192 cikin wani ɗan bututu mai rufin zinare. A tsakiyar bututun akwai ƙwallo kamar ƙwayar masoro, ɗauke da diyuteriyam da tiritiyam, nau'o'in haidirojin masu nauyi, waɗanda su ne man da ake so ya kama. Kuzarin da leza ta kai megajul 2.05 ne, haɗewar ta ba da megajul 3.15. Karon farko ke nan da abin da ya fito ya zarce abin da leza ta zuba. Ina aji huɗu a jami'a lokacin, kuma na kwana ina karanta labarin a waya.

Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Kafin man ya kama, dole a matse shi ƙwarai yana da sanyi. In ya yi zafi tun kafin a gama matsewa, sai ya ƙi dannuwa, kamar tayar da ta wuni a rana. Abin da ke kai masa wannan zafin kafin lokaci su ne zafafan ilektiron. Idan leza ta ratsa filasma, wato iskar da zafi ya raba ilektiron ɗinta da ƙwayoyin nukiliyarta, musamman a wurin da yawan ilektiron ya kai rubu'in iyakar da haske ke iya shiga, wani ɓangare na hasken yakan rikiɗa ya zama igiyoyi a cikin filasmar. Igiyoyin nan sai su ɗauki wasu ilektiron yadda igiyar teku ke ɗaukar kwalekwale, su wurga su da kuzarin gomomin keV (ma'aunin kuzarin ilektiron ke nan, keV dubu su ne MeV ɗaya) har zuwa ɗari ko fiye, alhali sauran filasmar tana kan keV kaɗan. Su ne ke rigan matsi isa cikin man. Sanin yawansu da zafinsu shi ne aikin masu auna su, shi nake so in koya da hannuna.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na yi odar bututun Gaiga, mai ƙirga ilektiron da suka ratsa shi, samfurin SBM-20 tare da allonsa mai ba da bolt 400, naira 38,000 har da kuɗin kawowa. Na sayi Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da zai riƙa lissafa ƙirgar, da ɗan ma'aunin maganaɗisu a Computer Village, naira 14,500. Kuɗin mota 2,400.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je shagon Kawu bayan la'asar. Na tarar yaransa 'yan bola jari sun kawo buhun matattun hadis (hard disk) ɗin kwamfuta, na roƙe shi ya bar mini su kafin a auna.

"Kai ɗan nan, me za ka yi da mayen ƙarfe har guda talatin?"

Na ce, "Kawu, wani abu ne da ido ba ya gani nake so in karkata masa hanya."

Ya ce in dai karatu ne in kwashe, Allah Ya yi albarka. Ni da ƙanena muka kwance su har isha'i. Mun sami 28 masu kyau, ban biya ko sisi ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Kwana huɗu sun tafi, kuma maganaɗisun hadis ba za su yi ba. Na jera su a kan farantin ƙarfe, na bi su da ma'auni sannu a hankali, sai na ga lamba tana hawa a gefe guda, ta sauko sifili a tsakiya, ta koma ƙasa da sifili a ɗaya gefen. Na ɗauka waya ce ta saki, na sake haɗawa har sau uku. Ashe haka aka gina su: kowace fuska ɗaya tana da arewa da kudu gefe da gefe, domin a cikin hadis aikinsu tura hannun karatu gaba da baya ne. Ilektiron da ya bi ta kansu zai karkata dama, ya dawo hagu, ya fita kusan a miƙe.

Na gwada karya guda biyu a tsakiya don in raba fuskokin. Ɗaya ya rabu da kyau, ɗayan ya tarwatse, wani ɓarɓashi ya yanke ni a yatsa. Ko da duka sun rabu lafiya, gutsattsarin sun yi ƙanana, filin ba zai daidaita ba. Na mayar wa Kawu kayansa.

Asabar, 24 ga Mayu

Alaba tun safe. Maganaɗisun niyodimiyam masu kusurwa huɗu guda 16, naira 46,000 bayan dogon ciniki. Daga can na wuce Owode Onirin na sayi farantan ƙarfe biyu, kowane santimita 20 da 10, da sandunan da za su haɗa su ta baya, naira 9,500. Rabin yini ya ƙare a cunkoson hanyar Ikorodu. Jimlar abin da na kashe zuwa yau: 110,400.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mai walda ya gama firam, ya karɓi 6,000. Na roƙe shi kada ya kusantar da wuta ga maganaɗisun, don zafi yana kashe musu ƙarfi, sai da ƙarfen ya huce muka liƙa su. Tazarar da ke tsakanin farantan santimita 2 ce. A tsakiya na sami tesla 0.06, tana raguwa a santimita biyun ƙarshe na kowane gefe. Na so 0.1, amma wannan ma zai yi aiki.

Talata, 3 ga Yuni

Na kai wa Malam takardar lissafina, wadda ke nuna inda kowane ilektiron zai sauka bayan ya yi rabin da'ira. Ya duba layin farko ya wuce, ya tsaya a layin MeV 1.

"Wace ka'ida ka yi amfani da ita a nan?"

Na ce ta aji ɗaya, rabin nauyi sau gudu sau gudu. Ya miƙo mini biro ya ce in fitar masa da gudun ilektiron ɗin da wannan ka'idar. Na lissafa, sai ga shi ya kusa ninka gudun haske, alhali ba abin da ke wuce gudun haske. A nan na ga kuskuren da kaina, bai ƙara cewa komai ba.

Kuzarin nauyin ilektiron keV 511 ne, don haka duk wanda kuzarin gudunsa ya tasam ma wannan adadi sai an bi ka'idar Einstein. Na sake lissafin a gabansa. A filin tesla 0.06, mai keV 100 zai sauka santimita 3.7 daga ƙofar shiga, mai keV 500 a 9.7, mai MeV 1 a 15.8. Tsohon lissafina ya ajiye na ƙarshen a 11.2. Da na yanka ramukan farantin bisa wancan, da duk abin da zan auna ya karkace, kuma babu abin da zai tona mini asirin kuskuren, domin na'ura za ta ci gaba da ƙirga abinta. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan karyewar maganaɗisu.

5 zuwa 9 ga Yuni

Babbar Sallah. Ban taɓa aikin ba. Bututun Gaiga ya iso ranar jajibiri.

Laraba, 11 ga Yuni

Na kunna Gaiga a ɗakina. Ba tare da komai a kusa ba yana ƙirga 18 zuwa 22 a minti, wato abin da ke zuwa daga ƙasa da bango da sararin sama.

Ina son abin gwaji marar haɗari a gida. Fotasiyam yana ɗauke da ɗan kaso na fotasiyam-40, wajen 0.012 cikin ɗari, wanda ke fitar da ilektiron masu kaiwa MeV 1.3. Tunda a kasuwannin nan ana kiran kanwa da sunan fotash, na karɓi jar kanwa da ungurnu a wajen Inna, na daka, na shimfiɗa ƙarƙashin bututun. Minti talatin, ƙirga ba ta motsa daga inda take ba. Kanwa gishirin sodiyam ce mafi yawanta, sunan ne kawai ya yaudare ni. Da yamma na sayi gishirin masu hawan jini a kantin magani, wanda aka haɗa da fotasiyam, naira 4,200. Ƙirga ta haura 50 a minti. Inna ta tsaya tana sauraron ƙarar, ta tambaye ni ko gishirin yana da illa. Na ce mata a'a, fotasiyam ɗin nan yana cikin ayaba da wake, yana cikin jikin kowa.

Bututu yana aiki, amma gishiri ba zai isa ma'auni ba. Da zarar an sa ƙofa mai ƙunci, abin da zai wuce bai taka kara ya karya ba.

Talata, 17 ga Yuni

Ruwa kwana uku a jere. Daren jiya Gaiga ta haukace, tana ƙirga sama da 300 a minti babu komai a gabanta. Na taɓa allon na ji danshi. Laimar Legas ta kwanta a kan layukan bolt 400, wuta tana tsallakawa tsakaninsu, Arduino yana ɗaukar kowane tsalle a matsayin ilektiron. Na goge da sifirit, na busar, na shafa man farce marar launi na ƙanwata a kan layukan, na sa allon cikin robar abinci da 'yan ƙunshin busar da danshi da ake samu a kwalin takalmi. Ta dawo 20.

Na kuma lura duk lokacin da maƙwabci ya tada janareta sai lambobi su yi tsalle. Daga yau da batir kawai zan riƙa aunawa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Rana ta farko da sitirontiyam-90 na ɗakin gwaji, sinadari mai fitar da ilektiron, shi ne tushen da zan auna. Ba ya fita daga ɗakin, ba a taɓa shi da hannu sai da awartaki, kuma sai an sa hannu a littafi lokacin ɗauka da lokacin mayarwa. Baba mai kula da ɗakin, Bayarabe ne da ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, shi ya ɗora shi da kansa, ya zauna kusa har na gama.

Sitirontiyam-90 yana ba da ilektiron har zuwa keV 546, ɗansa itiriyam-90 kuma har zuwa MeV 2.28, ke nan duk faɗin farantina ya kamata ya sami rabo. Na auna wurare takwas, kowane minti goma. A tsakiya ƙirga ta tashi sosai. Na juya firam ɗin yadda arewa ta koma kudu, ƙirgar ta faɗi. Ilektiron ne, kuma maganaɗisuna ne ke sarrafa su. Na yi ta hamdala a zuci.

Amma ba ta faɗi zuwa 20 ba. Ta tsaya wajen 45, kuma ta fi yawa a wuraren da ke kusa da tubalin dalmar da na gitta tsakanin tushen da bututu.

Talata, 24 ga Yuni

Kwana biyar ina neman inda ƙarin 25 ɗin nan ke fitowa. Na zargi danshi, allo a bushe yake. Na zargi ilektiron masu dawowa daga bango, na rufe ko'ina da alminiyam, babu canji. Yau Baba ya ga ina ƙara wani tubalin dalma, ya dafa kafaɗata.

"Yaro, dalmar nan ita ke ba ka wahala. Sa roba tukuna, dalma ta biyo baya."

Ya ɗauko farantin roba mai kaurin santimita ɗaya daga kabad, muka sa shi a fuskar tushen, dalma a bayansa. Ƙirga ta sauko 26.

Bayanin yana cikin littafin aji uku, na sani a takarda amma ban gane shi ba da ya zo gabana. Idan ilektiron mai gudu ya ratsa kusa da ƙwayar nukiliya, sai ta ja shi, ya yi birki, kuzarin da ya rasa ya fita a matsayin hasken eksire. Jamusawa suka raɗa masa suna, ma'anarsa hasken birki. Gwargwadon lambar ƙwayar a teburin sinadarai, gwargwadon yawan hasken. Lambar dalma 82 ce, ta alminiyam 13, ta kabon da ke cikin roba 6. Na sa dalma don ta tare ilektiron, ta tare su kuwa, amma ta mayar da su haske, shi kuma haske ba ya jin maganaɗisu.

A cikin BRT ina komawa gida abin ya faɗo mini: wannan da nake kira datti a ma'aunina, shi ne ainihin abin da ake aunawa a NIF da kuma OMEGA, leza mai baki 60 ta jami'ar Rocesta. Ma'auni irin nawa yana ganin ilektiron da suka tsere ne kawai. Amma da zarar na farko sun fice, abin da aka harba ya rasa caji, sai ya riƙa janyo sauran baya. Waɗanda suka kuɓuta 'yan kaɗan ne, mafiya ƙarfi. Masu yin ɓarnar, waɗanda suka shige cikin man, ba sa fitowa balle a ƙirga su. Sai dai a bi sawunsu, yadda mai neman ɓatacciyar saniya ke karanta ƙasa. Sun daki zinare mai lamba 79 ko ɓawon ƙwallon, sun yi birki, hasken ya fito. Akan jera na'urori, kowace da nata matacin ƙarfe mai kauri dabam, a ga nawa ya wuce ta kowane, daga nan a koma baya da lissafi a fitar da zafin ilektiron da yawansu. Wata hanyar kuma, a saka ɗan jan ƙarfe cikin abin harbin. Ilektiron mai ƙarfi yakan fizge na can cikin ƙwayar jan ƙarfen, wani ya faɗo ya cike gurbin, ya fitar da haske mai keV 8.05 daidai. Da lanƙwasasshen kiristal ake ɗaukar hoton wannan hasken, a ga inda ilektiron suka bi.

Na wuce tashata ban sani ba, sai da na dawo da ƙafa.

Talata, 1 ga Yuli

Na sake auna wurare takwas ɗin da roba a wurinta, kowane minti ashirin, ina cire ƙirgar juyayyen fili daga ta daidai. Ƙirga 400 tana da kuskuren 20, wato 5 cikin ɗari, shi ya sa na tsawaita lokacin.

Matsala biyu, kuma duka manya. Ta farko, ƙasa da santimita 6 kusan babu komai, alhali nan ne ya kamata ilektiron su fi yawa. Bangon bututuna ƙarfe ne mai kaurin milimita 0.05, kuma wannan ya isa ya tare duk wanda bai kai wajen keV 200 ba. Ke nan ilektiron masu keV 50 zuwa 100, waɗanda saboda su na fara aikin, bututuna makaho ne a kansu. Na zauna shiru na ɗan lokaci da na gane haka. Ta biyu, iska. Ilektiron mai keV 100 ba ya wuce santimita 13 ko 14 a cikin iska, kuma tun kafin ya tsaya ya riga ya sha karo ya bar hanyarsa. Har masu ƙarfin ma iska na watsa su, shi ya sa zanena ya fito a baje.

Na faɗa wa Malam ina ganin aikin ya tashi a banza. Ya ce in rubuta iyakar na'urar da lambobi, daga ina zuwa ina take gani da dalilin haka, wannan ma sakamako ne. Ya kuma ce akwai bututu mai tagar maika, wani ma'adini siriri da raunanan ilektiron ke iya ratsawa, a wani sashe, zai nemo aro.

Asabar, 5 ga Yuli

Kafin bututun ya samu, na koma kwamfuta. Na rubuta shiri da Python wanda ke kwaikwayon hanyar matatai: na ɗauki hasken birki na ilektiron masu zafin keV 50, na ratsa shi ta matatai biyar na alminiyam da jan ƙarfe, da alƙaluman shanye haske na teburin NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, na ƙara kuskuren 10 cikin ɗari a kowace na'ura, sannan na sa shirin ya nemo zafin kamar bai sani ba. Na maimaita sau 500. Mafi yawan amsoshin sun faɗa tsakanin 43 da 58, abin da ba laifi.

Sai na gwada wani abu. Na haɗa rukuni biyu, masu yawa a keV 30 da 'yan kaɗan a keV 100, na ba shirin. Ya dawo mini da zafi ɗaya, wajen 48, layin ya bi ta kan ɗigogin da kyau har ba wanda zai yi zargi. Ga hali biyu mabambanta sun bar sawu kusan iri ɗaya, kuma 'yan kaɗan ɗin nan masu keV 100 su ne suka fi zurfin shiga cikin mai. Da na ƙara matacin dalma mai kauri a ƙarshe, sai bambancin ya fara bayyana, amma hasken da ke wucewa ta cikinsa kaɗan ne, kuskurensa ya fi girma. Yanzu na fahimci dalilin da ya sa ba a dogara da na'ura ɗaya, ake haɗa hasken birki da hasken jan ƙarfe da ma'aunin maganaɗisu a harbi guda. A ganina duk lambar zafin da aka bayar ba tare da an faɗi siffar da aka ɗauka tun farko ba, rabin magana ce.

Akwai wani ɓangare da nake so in karanta in na sami sarari. A shawarar da Max Tabak da abokan aikinsa suka kawo a 1994, ilektiron masu gudu ba abokan gaba ba ne: a matse man tukuna, sannan a aika su da gajeriyar leza mai tsananin ƙarfi su kunna shi. An gwada wannan a Osaka a 2001 da mazurarin zinare. Waɗannan suna kaiwa MeV, daidai inda ma'aunina yake gani.

Alhamis, 10 ga Yuli

Bututun maika ya iso, aron mako uku. Tagarsa ta fi fatar albasa laushi, Baba ya hana kowa taɓa ta.

Kawu ya ba ni kwamfuresar tsohon firiji kyauta, na gwada bakin zuƙarta da yatsa, tana ja sosai. Ba za ta kwashe iska duka ba, amma ko kashi 90 cikin ɗari ta cire, tafiyar ilektiron za ta ninka sau goma. Abin da ya rage shi ne akwatin alminiyam siriri da zai shige tazarar santimita 2 ba tare da ya lotse ba. Mai walda ya ce alminiyam ba aikinsa ba ne, ya kwatanta mini wani a Mushin, zan je ranar Asabar da zanen.

Jimlar kashewa zuwa yau 120,600. Na ware 25,000 don akwati da robar toshe iska da tiyo. In akwatin ya samu kafin 19 ga wata, zan fara da wurare huɗu na ƙasa, santimita 2.5 zuwa 6, kowane minti talatin, fili daidai da fili a juye.